Littafin da Na Saya Domin Sevda

Gwaggo Nevena, ki taimake ni, na rasa wanda zan faɗa wa. Ina koyar da aji huɗu a wani gari kusa da Sliven. Kowane watan Mayu, kafin bikin ranar tunawa da haruffan harshenmu, muna baje kolin littattafai a makaranta, iyaye suna kawo banitsa, gashin fulawa mai cuku, yara suna zaɓa. Bana ni na tsara teburin. Na daɗe ina jin haushin yadda babu ɗan ƙabilar Roma ko ɗaya a littattafanmu, ga su kuwa cike da ajina. Na yi ta nema har na samo guda: yarinya ce a bango, ba takalmi, tana rawa. Na ɗora shi a saman sauran, na kira ɗalibata Sevda, 'yar Roma, gaban kowa na miƙa mata ta duba, ina murna.

Tun ranar yara suke kiranta da sunan yarinyar littafin, suna tafa mata wai ta taka rawa. Sevda, wadda ba ta ɗaga kai daga littafin kifayen teku, ta daina shiga ɗakin karatu. Mahaifiyarta, ma'aikaciyar jinya ce, ta zo ta ce mini, "Malama, takalman 'yata sun fi naki yawa. Ki sauke littafin nan." Shugaban ƙungiyar iyaye, Dobromir, shi ma yana so a sauke, amma shi cewa yake irin waɗannan ba su da gurbi a bikinmu. In na sauke, na ba shi nasara. In na bari, na rasa Sevda.

Malamar Aji Huɗu

'Yata, niyyarki mai kyau ce, kuma kin yi gaskiya: kada Dobromir ya zaɓa wa yara waɗanda za su gani a littafi. Amma shi da uwar nan ba sahunsu ɗaya ba. Shi ba ya son ganin Sevda sam, ita kuwa so take a ga 'yarta yadda take. Littafi ɗaya tak kika kawo, kika ɗora wa yarinya ɗaya a gaban jama'a. Nauyin ya yi mata yawa.

Ki fara da tsokanar, gobe, ba tare da kin ambaci sunanta ba. Littafin kuma ki sauko da shi cikin 'yan'uwansa, kada ki ɓoye shi. Ki roƙi mahaifiyar ta shiga cikin masu zaɓen littattafan baɗi, ku nemo uku ko huɗu, har da wanda ɗan Roma yake ɓatar da karensa kawai, kamar kowane yaro. Dobromir zai yi gunaguni a taro, ki bar shi ya yi.

Sannan ki sami Sevda ita kaɗai, ki ba ta haƙuri a taƙaice. Kada ki tambaye ta game da mutanenta. Ki tambaye ta wane kifi ne ya fi zurfin nutso, ki zauna ki saurara.

Ina yi muku fatan alheri, ke da ita.