Katantanwar da Ka Aiko wa Gwaggo

Zuwa ga ɗana Injiniya,

Assalamu alaikum. Gaisuwa ce daga gida, mai tsawon da tef ɗina na awo ba zai kai ƙarshenta ba. Ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da mai ɗakinka da jikana, wanda har yau ta hoto muke gaisawa. Allah Ya ƙara muku lafiya, Ya sa albarka a aikinka, Ya tausasa zuciyar duk wanda hutunka yake hannunsa. Mu nan sai godiya. Mahaifiyarka tana nan garau, ƙafar ce kawai take yi mata tsiya in ta daɗe a tsaye, amma bakin, ina tabbatar maka, ko kaɗan bai rage gudu ba. Ƙanwarka Auta ta gama jarrabawa, yanzu ba ta da aiki sai gyara mini magana. Ita ta so ta rubuta mini wasiƙar nan, na ce a'a, in ta rubuta za ta fito tsaf har ka ɗauka wani uban aka canza maka. Don haka in ka ga harafi ya kwanta, ka tashe shi da kanka. Ka san ni da makaranta mun yi sallama ne ranar da malam ya fara zuba baƙaƙe cikin lissafi, na ce wannan haɗin ba da ni ba, na koma kan keken ɗinki.

Kada in yi ta kewaye, abin da nake so shi ne ka zo gida. Shekaru sun ja, kullum sai ka ce sai aiki ya lafa, kuma kullum maimakon kai sai akwati ya iso. Akwatunan suna da kirki, amma ba sa zama a ci abinci da su. Sai dai ni ban iya roƙo ba, mahaifiyarka ma cewa take yi ko aurenta da barkwanci na nema, saboda haka zan bi da kai ta gareji. Ka yi haƙuri ka biyo ni.

Maganar Gwaggo ce, motarmu, ba yayata ba. Har yanzu yayar tawa ba ta san sunanta muka ba motar saboda tarin safe da yawan mita ba, kuma kada ta ji daga bakinka. Ka san motar nan ta girme ka, a kujerarta ta baya aka kawo ka gida kana jariri, kuma a kan sitiyarinta ka fara koyon ɓata mini kaya. Yanzu samari suna tsayawa suna ɗaukar hoto da ita, suna cewa irinta ta zama abin tarihi. Ni ma abin tarihin ne, amma ba wanda ya nemi hoto da ni. Matsalarta ɗaya, hawan nan na bayan kasuwa. Ranar da mahaifiyarka ta kai maka ƙara ta waya, gaskiya ta faɗa: muna tsakiyar hawan, da ita da bandiran yadi a baya, wani mai tura baro ya wuce mu ya gaishe mu, ya je ya sauke kayansa, ya dawo ya sake gaishe mu, har ya tambaya ko a taimaka.

To, akwatinka ya iso lafiya. Da ka ce a waya za ka aiko da turbo, mahaifiyarka tuba ta ji. Ta ce alhamdu lillahi, dama ni mijin nata da motar duk muna bukata, a fara da ni. Da aka buɗe kuma muka ga ƙarfe a nannaɗe yana ƙyalli, Auta ta ce wannan ai katantanwa ce, sunan kuwa ya bi shi. Yanzu haka katantanwar tana saman kabad cikin farantan baƙi, an lulluɓe ta da ɗan kyalle mai ado, ni ma sai na wanke hannu ake barina in taɓa. Duk wadda ta shigo gidan sai an sauko da ita an nuna mata abin da Injiniya ya aiko. Na gode, ɗana, kuma ba da wasa nake wannan godiyar ba. Na san ka zauna ka yi tunanin abin da zai faranta wa tsoho rai, ka kuwa dace.

Na naɗe ta a tawul na kai wa Sifana, bakaniken nan namu mai ƙaton ciki da ya gaji garejin ubansa. Ka ga mutum ya rikice! Ya rungume ta kamar an miƙa masa jariri, ya kira maƙwabtansa mai fenti da mai walda su zo su gani. Ya yi mini bayani cewa hayaƙin da yake fita ta salansa shi zai juya wata 'yar fanka a ciki, ita kuma ta riƙa cusa wa inji iska da ƙarfi, sai ƙaramin inji ya yi aikin babba. Na ce wato tsohuwa za a riƙe a hura mata iska ta hanci. Ya ce haka ne, amma da ilimi. Ya rantse in ya ɗaura mata, Gwaggo za ta riƙa fito in ta ɗauki wuta, kuma maƙwabcinmu mai kantin magani, da sabuwar motarsa da yake wankewa safe da yamma, sai dai ya ga bayanmu. Ba zan ɓoye maka ba, abin ya shige ni. Har baƙin tabarau na gwada a madubin shago, in ga yadda zan fito lokacin da zan wuce shi.

Amma ka tuna ka nanata mini a waya cewa kada a ɗaura komai sai an auna ƙarfin matsin kowace silinda. Na tsaya a kan maganarka, ko da yake Sifana yana ta cewa ɓata lokaci ne. Ya cire fulogi ya ɗaura agogon awo, na murza makulli. Allurar ta ɗan ɗaga kai ta dube mu ta koma ta kwanta. Silinda ta ƙarshe kuwa ko gaisuwar ba ta yi ba. Ringi sun cinye, bangon silinda ya goge, shi ya sa Gwaggo take shan baƙin mai kamar shayi. Sifana dai bai haƙura ba, ya ce a ɗaura a rage mata ƙarfi, za ta ɗauka. Na tambaye shi in ba ta ɗauka ba fa? Ya sosa ƙeya ya ce to, sai mu tsinci fistan a titi. Da na matsa masa, sai ya ambaci hanya ta biyu yana ɓata rai kamar an ce ya sha magani: a sauke inji gaba ɗaya, a kai wa masu injin gogar ƙarfe su faɗaɗa silindojin, a sa fistan manya da sababbin ringi, a gyara ƙasan inji. Ya ce aiki ne mai cin lokaci, ba fito, ba abin nuna wa maƙwabta, inji ne kawai zai ƙara girma daga ciki.

Na ce ya buɗe kan injin in gani da idona. Da ya ɗage, na sa yatsa na shafa bakin silinda, na ga bangon da kauri. Na tambaya, in an faɗaɗa ba za a huda ba? Ya ce ina, ai waɗanda suka ƙera ta da gangan suka bar nama a jiki, don in ta tsufa a samu abin ci. Injiniya, ban san lokacin da na yi ihu na ce rara ba, har mai walda ya kashe wutarsa ya leƙo. Wannan ai sana'ata ce! Duk telan kirki in ya yanka riga yakan bar rara a cikin ɗinki, a ninke, ba mai ganinta. Ka tuna rigarka ta makaranta? Guda ɗaya ce ta yi ta binka aji bayan aji, kana ƙara tsawo ina farke ɗinki ina sako mata rara, abokanka suna cewa kullum sabuwa ake yi maka. Ashe wani tela na ƙarfe, a wata ƙasa, tun kafin a haife ka, ya yi wa Gwaggo irin wannan tanadin, yana tunanin wani tsoho da bai sani ba. Tsayawa na yi ina kallon ramin nan mai baƙin mai, idona ya ɗan kawo ruwa, na ce wa Sifana fetur ne ya shiga.

Akwai kuma wata magana da ta fito daga bakin Sifana bai sani ba. Ya ce katantanwar ba ta farkawa sai an taka mota inji ya ɗaga murya sosai. To, ni tun da nake ban taɓa sa Gwaggo ta ɗaga murya ba. Mahaifiyarka cewa take yi in ina tuƙi har kaji suna tsayawa su yi shawara kafin su tsallaka. Hawan kasuwa kuma ka san shi, cunkoso ne, ka tsaya ka tashi, ka tsaya ka tashi. Abin da nake bukata ƙarfi ne tun daga ƙasa, lokacin da na saki kuloci da mutum biyu da kaya a baya, ba gudun da zan yi a mafarki ba. Da an ɗaura mini katantanwar, da har in mutu tana barci a ƙarƙashin bonet, ni ina sanye da baƙin tabarau.

Saboda haka na yanke, za a sako wa Gwaggo rararta. An riga an sauke injin, yana kan benci an jera kayan cikinsa a kan buhu, ita kuma tana tsaye baki buɗe kamar ni a kujerar likitan haƙori. Kada ranka ya sosu, kyautarka ba a mayar da ita ba, layi take bi. Sifana ya ce in ƙashin bayan Gwaggo ya yi ƙarfi ana iya ɗaura katantanwar daga baya, amma sai an zaɓi irin fistan da zai jure tun yanzu, kuma ya amsa da bakinsa cewa wannan lissafin naka ne, irin mai baƙaƙen nan da ya kore ni daga aji. Ka kira shi ka gaya masa wanda zai saya. Ka yi magana a hankali, ya ce yana so ya rubuta.

Yanzu ga inda na ce zan kai ka. Sabon inji, in ji Sifana, ba a sakinsa haka nan. Sai an lallaɓa shi a doguwar hanya, ba gudu, ba takura, ana sauraron muryarsa, har ringi su saba da sabon ɗakinsu. Tafiya ce mai nisa kuma a hankali. Ni kuwa idona ya fara yi mini rowa, Auta ce take zura mini zare a allura, kuma mahaifiyarka ta kafa doka ba ni ba babban titi ni kaɗai. Sifana ya ce zai yi, na ƙi, ƙafarsa ta fi cikinsa nauyi. Na gaya masa in ya gama ya tayar da Gwaggo a cikin gareji da ɗayan makullin da ke wurinsa ya ji lafiyarta, amma ba za ta fita ƙofa ba sai ɗana ya zo ya riƙe sitiyari. Ya ce in ta daɗe a ajiye tayoyi za su kwanta. Na ce su kwanta, mu ma a kwance muke jira. Kai za ka tuƙa, ni ina gefe ina ba ka umarnin da ba ka bukata, mahaifiyarka da mai ɗakinka a baya, jikana a tsakiyarsu, a kujerar da ubansa ya fara hawa. Irin tafiyar da ba a yarda a yi sauri ba, ka ga kuwa dole a yi hira. Ranar da muka dawo sai mu bi ta bayan kasuwa, ina da mai baron da nake so in gaisar sau biyu.

Kuma kada ka ce mini aiki. Mai ɗakinka, Allah Ya yi mata albarka, ta tsegunta wa Auta cewa hutunka ya taru har ana roƙonka ka ɗauka. Kada ka yi mata faɗa, ni na sa a bincika. Tun da na ji haka na sauko da wani yadi mai ruwan toka da na daɗe ina ɓoyewa, na yanka maka riga da tsohon awonka, na yanka wa jikana 'yar ƙarama da awon ido. Ban haɗa su ba. Hotunanka na baya-bayan nan sun nuna mini kana bin sawun Sifana ta gaba, don haka na bar rara mai yawa, amma nawa zan sako sai na zagaya ka da tef da hannuna.

Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce ka rage zama da yunwa, na ce ta dubi hoton da kyau. Auta tana gaisuwa, ta karanta wasiƙar ta ce akwai kurakurai, na ce na gado ne. Yayata Gwaggo ta gaskiya tana sa maka albarka, ita ma tana tari da safe amma tana hawa ko'ina. Kawunka da iyalinsa, da Sifana, da mai walda, duk suna miƙo gaisuwa. Ka gaishe mini da surukata 'yar albarka, ka shafa mini kan jikana, ka gaya masa kakansa yana da hon da zai bar shi ya danna har maƙwabta su fito. Allah Ya tsare ku, Ya kawo mana ku lafiya.

Makullin yana rataye a ƙusar nan ta bayan ƙofa, kusa da tef. Ba zan taɓa ko ɗaya ba sai ka shigo.

Ni ne mahaifinka,
Tela, mijin mahaifiyarka kuma yaron Gwaggo.