Minti Hamsin Zuwa Yola

Zuwa ga ƙanena Mahir,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya, karatu kuma yana tafiya yadda ake so a can Malesiya. Allah ya ƙara maka lafiya da basira. Mu nan Lafia alhamdu lillahi, sai gajiya. Maigidana Naziru ya koma aiki, 'yarka Mutmainna ta fara haƙori, ba ta barin kowa ya huta. Ka ji rasuwar Hajiya Dijatu, ƙanwar Kaka, ta waya, amma ba ka ji yadda tafiyarmu ta kasance ba. Bakina ya kasa faɗa, shi ya sa na ɗauki biro.

Ka tuna ranar Litinin da aka ce jikinta ya yi tsanani a Yola, na ce mu yi sammako a mota. Kai kuma, malamin lissafi, da muka kira ka, ka duba wayarka ka ce daga filin jirgin Lafia zuwa na Yola kilomita ɗari huɗu ne da 'yan kai, minti hamsin a sama, don me za a jijjiga tsohuwa yini guda a hanya. Kaka ta kama maganar nan ta riƙe gam. Ta kira ƙanwarta ta ce ta kwantar da hankalinta, tsakaninsu yanzu bai kai dahuwar wake ba. Tunda abin kusa ne, ta ce sai an kawo mata gishirin garin Keana tukuna, don ba ta taɓa shiga gidan Dijatu ba tare da shi ba. Jiran gishirin nan ya cinye mana Talata.

Laraba Naziru ya je ya tambaya, aka ce babu jirgin da zai kai mu Yola kai tsaye, sai mun je Abuja. Wato mu juya wa Yola baya, mu sha awa uku da rabi a mota, ƙafafun Kaka duk sun kumbura. Muka tarar jirgin ranar ya tashi, muka kwana gidan ƙawata Rekiya. Alhamis aka ɗaga tashi daga ƙarfe goma zuwa biyu. Muna zaune kan kujerun ƙarfen nan na filin jirgi, Kaka da ƙullin gishirinta a cinya, aka bugo cewa Allah ya yi wa Hajiya rasuwa da hantsi, za a kai ta bayan azahar. Na roƙa a jira mu, aka ce ba a ajiye gawa don baƙo. Tashin jirgin kansa, gaskiyarka, bai ɗauki wani lokaci ba. Mun sauka muka iske ana karɓar gaisuwa.

Ba don in ɗora maka laifi na rubuto ba, kwananta ne ya ƙare. Ni da nake zaune a ƙasar, na san halin hanyoyinta, ni ya kamata in kafe a kan mota, sai na yi shiru. Wannan shi ke cin raina, na gaji da juya shi.

Naziru yana gaishe ka, da Baba Ƙasimu da Nana Hadiza. Ka gaida abokin zamanka Siddiq. Kaka ma tana gaisuwa, ta ce kada ka sa komai a ranka. Sai dai ta ce in tambaye ka, minti hamsin ɗin nan, daga ina ake fara ƙirga shi.

Yayarka,
Yusra