Wasiƙa ga Farfesan da Ya Tafi da Macizanmu Bai Dawo Mana da Amsa Ba

Zuwa ga Farfesa, masanin macizai da kwaɗi, wanda mutanen ƙauyukanmu suka fi sani da Malam Mai Kwaɗi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ɗalibanka, ina taya ka murnar matsayin farfesa da ka taka. Har cikin raina nake faɗa, don na ga wahalar da ka sha da idona. Ban sa sunanka ba, ban sa na jami'arka ba, domin amsa nake nema, ba tozarci ba. Na tura maka saƙo ta waya ba sau ɗaya ba, na ba wani ɗalibinka takarda hannu da hannu, duk shiru. Abin da ya sa na fito fili ke nan.

Sunana Hauwa'u, ma'aikaciyar lafiya a wani ƙaramin asibitin sha-ka-tafi a yankin Safana. Nan ka same ni lokacin kana ɗalibi, da takalmin roba da jakar buhu, kana shiga tafki har cinya. Ka roƙe ni alfarma: duk wanda maciji ya sara, in an zo da macijin a mace, in ajiye maka shi. Ka bar mini kwalabe da ruwan sifirit da littafi. Na yi maka wannan aiki damina shida. Kowace kwalba na liƙa mata takarda, ga sunan ƙauye, ga irin gonar, ga yadda aka ƙare da mara lafiyar. Abokan aikina suka daina shan ruwan firjinmu saboda ƙananan kwalaben da ka ce a sanyaya. Mijina ma sai da ya tambaye ni ko asibiti nake aiki ko gidan gardi. Ban daina ba, saboda abin da ka faɗa mini a gindin darbejiyar ƙofar asibiti: “Malama, duk abin da na gano, ke ce za ki fara ji.”

Ga ƙorafina.

Na ɗaya, kuma shi ne ya hana ni zama: Malam Tanimu. Manomin gyaɗa ne daga wajen Babban Duhu, mutum mai fara'a da ba ya wuce asibiti bai leƙo ya gaishe mu ba. Da kakar bara, yana cikin cirar gyaɗa da hantsi, kububuwa ta sare shi a idon sawu. Mutanensa ba su tsaya tsaga ko ɗauri ba, suka ɗoro shi a babur, kamar yadda muke ta yi musu nasiha. Na ɗebi jininsa a kwalba na ajiye, na jira, ya ƙi daskarewa, alamar dafi ya shiga jikinsa. Allurar dafin da ke hannunmu ta ƙare, sai ƙanensa ya tafi gari ya samo wata a kemis. Na duba kwalin, kwananta bai ƙare ba, ga kuma hoton maciji mai kama da namu a jiki. Da hannuna na sa masa. Jini bai tsaya ba, dasashinsa na zuba. Muka ƙara, bai tsaya ba. Kafin a sami a-kori-kurar da za ta kai shi babban asibiti rana ta yi nisa, kuma a hanya ya cika.

Na karɓi ƙaddara kamar kowane musulmi. Amma bayan wata biyu, Malam Nasiru, malamin kimiyya a wata sakandare a Batsari, wanda ke ƙaro karatu, ya zo mini da takardu a hannu. Ya ce, “Hajiya, kin san kwalabenki sun shiga mujallar ƙasar waje?” Muka zauna ya karanta yana fassara mini. Maƙalarka ce a kan kububuwar yankin nan. Ka gwada ƙwayoyin halittarta, ka nuna ta bambanta da 'yar'uwarta ta nahiyar Asiya duk da kamar da suke yi, ka kuma ja kunne cewa allurar da aka haɗa da dafin waccan ba abin dogaro ba ce a kan tamu. Na tashi na ɗauko kwalin da na ajiye. A can Asiya aka yi allurar.

Farfesa, maƙalar ta fita tun kafin a shuka gyaɗar da Malam Tanimu ke cira. Ban ce kai ka kashe shi ba. Kwanansa ne ya ƙare, kuma ba kai ka sayar da allurar ba. Amma ka san abin da ban sani ba, da macizan da na ajiye maka ka tabbatar da shi, kuma lambar wayata ba ta canza ba. Da na sani, ba zan ɓata awanni ina jiran allurar ta yi aiki ba. Tun da hantsi zan sa a nemi mota. Matarsa ta zo yi mini godiya bayan ta fita takaba, ta ce, “Likita, kin yi iyakar yinki.” Na kasa kallon idonta.

Na biyu, Baba Gide. Ka san shi, tsohon maharbi na wajen Darini, wanda ya nuna maka ramukan damo da wuraren da kasa ke kwanciya. Malam Nasiru ya tara mini jerin rubuce-rubucenka, suna da yawa, ma sha Allah. A ciki akwai wanda ya fi jawo maka suna, inda ka nuna cewa kwaɗin tafkunan nan, waɗanda masana suka daɗe suna ɗauka iri ɗaya ne, ashe iri biyu ne. Ina wurin aka yi maganar farko. Kana jera su a faranti a barandar asibiti, Baba Gide ya duƙa ya ce maka, “Yaro, wanga da wancan ba gidansu ɗaya ba. Wanga da ruwan farko shi ka fita, wancan sai tafki ya cika. Saurari kukansu ka ji.” Ka yi dariya ka ce za ka duba. Ka duba, na'urarka ta gaskata shi. Na yarda aikin gwajin naka ne, Baba Gide bai san mene ne ƙwayar halitta ba. Amma a ƙarshen maƙalar ka gode wa masu ba da tallafi da shugaban sashenku da sunayensu, shi kuwa ka dunƙule shi cikin mutanen gari da suka taimaka. Mutum ne mai suna. Yanzu idonsa ya tafi, amma kunnensa garau, kuma har gobe yana tambayata ko yaron nan ya gama karatunsa.

Ni ban damu da nawa sunan ba. Abin da na yi, don marasa lafiyata na yi.

Na uku, duk abin da ka rubuta da Turanci ne, Turancin ma na masana, a mujallun da ba mai gani sai wanda ke cikin jami'a. Na yi makarantar koyon aikin lafiya, amma sai da aka zaunar da ni aka fassara mini. To ina ga mai kemis? Ina ga makiyayin da ke kwance shanu cikin ciyawa? A cikin takardun naka na ga bayanin macijin nan mai cin ƙwai, wanda ba shi da dafi amma yana kwaikwayon kububuwa har da ƙarar goga jiki. Sau da yawa an sha kawo mini shi a mace, ga wanda macijin ya sara yana kalmar shahada, alhali jininsa lafiya lau. Hoto ɗaya a bangon asibiti da layi uku na Hausa sun isa su kwantar wa iyali hankali yayin da muke jiran sakamakon jini.

Na san za a ce hanya ba lafiya, malaman jami'a sun daina shigowa yankin nan. Gaskiya ne, mu da muke ciki mun fi kowa sani, ban kuma ce ka jefa kanka cikin haɗari ba. Amma masu garkuwa ba su tare saƙon waya.

Buƙatuna huɗu ne, kuma babu wadda ta fi ƙarfinka.

Ka rubuta shafi biyu da Hausa mai sauƙi, da hotuna: macizan yankin nan masu kisa, da marasa dafi, da abin da ma'aikacin lafiya zai duba a kwalin allura kafin ya sa wa mutum. Ka sa hannunka, domin maganar farfesa ta fi tawa nauyi a wurin mai kemis.

Ka kai abin da ka gano gaban masu sayo wa asibitoci magani. Ni ba za su buɗe mini ƙofa ba, kai kuwa har kujera za su ba ka.

Ka rubuta wa mujallar da ta buga maƙalar kwaɗin nan a gyara, a sa sunan Baba Gide. Ka kuma kira shi da bakinka ka gaya masa ya yi gaskiya, tun yana iya ji.

Ka koya wa ɗalibanka cewa duk ƙauyen da suka ɗebi abu, su mayar masa da labarin abin da suka gano kafin su je karɓar shaidar kammala karatu.

Gyaɗa ta fara fure a gonakin nan, kaka ba nisa, kuma lokacin ne ake fi kawo mana masu sara. Ni da Malam Nasiru mun riga mun fara fassara maƙalarka da kanmu, mun kai rabi. Ko ka amsa ko ba ka amsa ba, takardar za ta hau bangon asibitina kafin a fara cira. Na fi so ta hau bayan ka duba ta, don kada kuskurena ya cuci wani.

Allah Ya ƙara maka ilimi mai amfani, Ya tsare ka da zuri'arka, Ya sa aikinka ya zama sanadin tsirar rayuka. Allah Ya jiƙan Malam Tanimu, Ya raya marayunsa.

Wassalam.

Hauwa'u,
ma'aikaciyar lafiya a yankin Safana.