Kan Jirgin na Noreen, Taragon Gawayin na Gerald

Ni Emil Hrabak na garin Altoona, da hankalina garau nake wannan rubutu. Huhu ne ya gaza, kai bai gaza ba, kada wani ya ce tsohon ya ruɗe. Zuwa ga 'ya'yana biyu, Noreen da Gerald.

Na ɗaya. Gida ku sayar ku raba daidai. Kafin nan ku sauka ɗakin ƙasa, akwai kwalaben man da ke sa jiragen wasana hayaƙi a ƙarƙashin teburin da na shimfiɗa ƙaramin layin dogo. Ku zubar da su, kada ku ba 'yan ƙungiyarmu ta masu ƙananan jiragen ƙasa ko ɗigo.

Na biyu. Ƙananan jiragena duka na ƙungiya ne, ban da baƙin jirgin nan mai lamba 738, irin wanda kakanku ya yi shekara talatin yana zuba wa gawayi. Shekara goma sha ɗaya na yi ina fama da shi, har ya riƙa huci sau huɗu a kowane juyin ƙafa, kowane huci da tashin hayaƙinsa. Sautin ya yi. Hayaƙin ne bai taɓa cika mini ido ba: fari, siriri kamar na sigari, ba kauri ba wari.

Na uku, kuma shi ne ya hana ni sakat. Noreen, ranar da muka binne mahaifiyarku kin tsaya a ƙofar coci kin ce wa ƙanenki, "Kai ka kashe Mama da tukunyar hayaƙin da ka sayo wa Baba!" Yau shekara shida ba kwa ga maciji da juna. To, ki ji. 'Yar tukunyar nan da ke dafa mai a cikin jirgin ba ta da laifi. Ni ne nake tsiyaya kananzir cikin man don hayaƙin ya yi kauri, bayan likita ya ce fukar mahaifiyarku Dolores ba ta son hayaƙi. Na san yana bin bututun ɗumama gida ya hau ɗakinta. Ina jiyo tarinta a saman kaina, sai in ce bari jirgin ya ƙara zagaye ɗaya. Ko shi ya yi ajalinta, Allah ne masani. Abin da na sani, na ji maganarki a ƙofar coci na yi gum, don tsoron kada ki juyo kaina. Gerald ya taɓa kama ni da galan a hannu, amma bai tona ni ba. Ya ɗauki kayan da ba nasa ba, ni kuma na bar shi da su. Ina jin kunya, Gerald. Ka yafe mini.

Na huɗu. Ranar da nake ɗaukar kukan jirgin kakanku daga tsohon kaset da makirufo don in sa wa ƙaramin jirgin, mahaifiyarku ta leƙo daga saman matakala ta ƙwala kira, "Emil, kai da jirgin naka ku hawo, miya ta huce!" Muryarta ta shiga ciki. Na yi ta masifa wai ta ɓata mini aiki, jirgin gaske ba ya kiran mutum cin abinci. Ban goge ba. Tana madanni na takwas na na'urar sarrafa jirgin, kuma iya sanina babu inda muryarta ta saura sai nan.

Saboda haka kan jirgin na Noreen ne, taragon gawayin na Gerald. Lasifikar tana cikin taragon, amma ba ta cewa uffan sai an haɗa shi da kan. Da gangan na yi, ku zage ni in kun ga dama.

Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku 'ya'ya masu rufa muku asiri kamar yadda aka rufa mini. Ku riƙe juna, ku biyu kaɗai kuka rage. Ku haɗa jirgin a teburi ɗaya, ku kashe hayaƙin, ku danna takwas. In ta kira, ku amsa mata da wuri. Ni ranar sai da na bari miyar ta yi sanyi.