Rawayar da Na Gani a Idonki

Zuwa ga Tasalla, matata, sanyin ƙirjina, ruwan farkon damina, inuwar da nake marmari daga wannan uwa duniya. Sallama irin ta addinin Musulunci, da gaisuwar mijinki.

Na gani, Tasalla. Kada ki wahalar da kanki da musu. Shekaranjiya da muke hira ta bidiyo, kina zaune a gindin rumbun Baba, kin ja mayafi har goshi, kina ta ba ni labarin masarar bana. Sai rana ta faɗo a fuskarki, kika ɗago kai. Wayyo Allah! Farin idon nan naki, wanda ya fi audugar Funtua haske ranar da ta fashe, na gan shi rawaya. Na ce ki matso da wayar, kika ce sabis ya ɗauke, kika kashe. Na kira sau goma sha ɗaya. Shi ya sa na koma takarda, zan ɗauki hotonta in turo miki, don takarda ba a katse mata magana.

Kin san aikina a wannan gonar furanni da ke bakin kogin da ya raba yankin Galisiya na ƙasar Sifen da Fotugal: ni ke rubuta launin kowace fure a jikin tukunyarta, da harsunan nan biyu, tunda ana sayarwa a duka gaɓoɓin. Kin kuma san Dona Sabela, tsohuwar malamar makarantar da nake haya a gidanta, wadda ba ta barin kalma ta wuce sai ta tono mini kakanninta. Kin tuna ranar da na dawo hutu bara, muka je kasuwar Bakori sayen atamfa? Kika ɗaga wata ja, na ce sunanta vermelho, kuma asalin kalmar ƙaramar tsutsa ce, domin daga jikin wani ɗan ƙwaro mutanen da suke matso jan rini. Kika jefar da turmin kamar ya cije ki, kika yi dariya har mai shagon ya taya ki. Kika ɗauki shuɗiya, na ce azul, sunan wani dutse ne na ƙasar Farisa da Larabawa suka kai wa Turawa. Kika ce to wannan ta yi, gara ki ɗaura dutse da ki ɗaura tsutsa. A kan babur muna komawa Mahuta kina ta maimaita kalmar a bayana, iska na kwashe ta. Ban taɓa jin harshen Turawa ya yi daɗi irin na ranar ba.

Akwai launi ɗaya da ban ba ki labarinsa ba, don ban so in ɓata mana yinin. Rawaya, a bakin mutanen gaɓoɓin nan biyu, amarelo ce. Dona Sabela ta ce masana sun fi karkata ga cewa daga kalmar ɗaci ta fito, ɗacin maɗaciya, domin a fuskar masu ciwon shawara aka fara ba launin wannan suna. Jiya aka kawo mini tukwane ɗari biyu na rawayar fure in rubuta musu sunan launin. Na rubuta uku, na huɗun hannuna ya ƙi. Na fita bayan rumfa na durƙusa, har mai gonar ya zo ya dafa ni yana tambaya ko wani ne ya mutu. Na ce masa a'a. Ya Rabbi, ka sa amsar nan ta tabbata!

Me ya sa kika ɓoye mini? Na san dalili. Kina tsoron in baro aiki ana saura wata huɗu a sabunta mini takardar zama. To ki ji: yayata Mairo haka ta fara. Cikinta wata bakwai, kamar naki yanzu, ido ya yi rawaya, aka ce shawara ce za ta wuce. Kwana tara ta yi. Ni na riƙe kanta a bayan mota, ba mu kai Malumfashi ba ta cika. Ina da shekara goma sha biyar a lokacin, har yau in na ga mai juna biyu tana hamma sai gabana ya faɗi. Yanzu kuma ke? Ke da abin da ke cikinki? Ina zan sa kaina, Tasalla? Wace ƙasa ce za ta ɗauke ni?

Na kira yayanki Ummaru, ya gaya mini Gwaggo tana jiƙa miki saiwar rawaya, maganin shawara na gargajiya, safe da yamma. Allah ya saka mata, ƙauna ce ta sa, ita ta raine ki, ba zan raina hannunta ba. Amma ina roƙonki, don girman Allah, don darajar iyayenmu, gobe da hantsi Ummaru zai zo da mota. Ki shiga. Ki tafi da Gwaggo, ta zauna kusa da ke. Ku je asibiti a Funtua a auna jininki, a duba ɗan. In sun ce kwanciya, ki kwanta. Kada ki ce sai an gama casar masara, kada ki ce sai Juma'a ta wuce, kada ki ce kunyar likita namiji kike ji. Tauraruwata, kurciyata, ki ji tsoro ko da rabin nawa ne!

Da safen nan Dona Sabela ta same ni a ƙofa ban karya ba. Na ce mata duniya ta yi mini baƙi, na faɗa da kalmar Fotugal, preto. Ta kama hannuna ta ce a wancan ƙetaren ne preto ke nufin baƙi, a nan Galisiya ma'anarsa kusa, kuma mai mata a wannan hali kusa ya kamata ya kasance. Ita ta raka ni wurin mai gonar. Ya ba ni wata ɗaya, ya ce bayan haka ba zai iya riƙe mini gurbi ba. Na ce na ji.

Jirgina zai sauka Kano ranar Laraba da azahar. Ba gida zan nufa ba, asibiti zan zo kai tsaye, don haka kada ki sa in same ki a tsakar gida. Takardar zama in ta tafi ta tafi. Ina da hannu, Baba yana da gona. Ke ce ba ni da biyunki.

Ki ci abinci ko ba kya so. Ki bar wayarki a kunne. Ki jira ni da ranki, Tasalla, shi kaɗai nake roƙo.

Naki a lafiya da ciwo, a nan da inda Allah ya kai mu, wanda bai taɓa kallon wata ba kuma ba zai kalla ba,

Mahadi