Sunaye Sittin, Babu Nawa a Ciki

Ana sanar da masu karatun wannan fili, na kusa da na nesa, cewa tsohuwar kujerar da nake zama a kai ina amsa wasiƙunku ta miƙa mulki ranar Litinin da ta wuce. Ta yi shekara goma sha ɗaya tana mulki da ƙafa uku da bulo ɗaya, kuma ba ta taɓa yin alƙawarin sauka ba. An yi bikin cikin lumana, ba a harba ko harsashi ɗaya ba, sai dai edita ya buge gwiwa a bakin ƙofa. Sabuwar ta roba ce, farar hula ce ta gaske, tun yanzu ta fara ƙorafi idan na jingina.

Wasiƙar farko da na buɗe a kanta ba ta bar ni na jingina ba. Na canza sunayen da ke ciki. Sauran ga shi yadda ya zo.

*

Assalamu alaikum, Malam. Don Allah ka taimake ni, kuma ka yi sauri. Ƙarshen watan nan za a rufe karɓar fom na canjin sashe a jami'armu, ni kuma ban san ko zan kai lokacin ban aikata abin da zan yi nadamarsa har na mutu ba. Ka yi haƙuri da rubutun, idona na hagu bai gama buɗewa ba.

Mahaifina tela ne a Gyaɗi-Gyaɗi. Daga ƙauye ya zo da kekensa tun kafin a haife ni. Da babban asibiti ya zauna kusa da mu sai ya bar ɗinkin kaftani ya koma fararen riguna, na nas-nas da masu gwajin jini da likitoci da ɗalibansu. Shi yake ɗinka wa kowa sunansa a saman aljihu da shuɗin zare. Bai yi boko ba, amma a rubuto masa suna a takarda zai kwafe shi harafi-harafi, ba ya kuskure.

Da aka ɗauke ni karatun likita, tun kafin na yi rajista ya yanka yadi mafi kyau a shagon ya ɗinka mini tawa. Ya sa "Dr." a gaban sunana, abin da ba ya yi wa ɗalibi ko an roƙe shi. Ya rataye ta a ƙofar shago wai samfur ce. Ba samfur ba ce, Malam. Duk wanda ya zo awo sai an nuna masa aljihun. Daga ranar sunana ya ɓace a unguwa, na koma Likita, har mai shayi da limamin masallacinmu.

Abin da Baba bai sani ba, ni kuma ban taɓa zama na fahimtar da shi ba, shekarar farko ba karatun likita ba ne, tankaɗe ne. Mun haura ɗari biyu, sittin za a ɗauka zuwa aji biyu. Maki huɗu na rasa a fiziks. Aka tura ni sashen kimiyyar tsirrai.

Na ce zan gaya masa bayan Juma'a. Juma'a ta wuce na ce bayan Sallah. Sai kuma aka ce waɗanda suka haye za su zauna a gida wata biyar, sai na gaba da su sun ba su wuri saboda yajin aikin da aka yi, mu kuwa muka ci gaba da karatu. Na ji kamar an ɗage mini hukunci. Kullum na fita da safe yana ɗaga hannu daga kan keke yana cewa Allah ya ba da sa'a, Likita, ni kuma ina cewa amin.

Na manta abu ɗaya wanda ni ne ya fi kamata na tuna da shi. Duk shekara, da zarar 'yan aji biyu za su fara, shugaban ajinsu yana kawo wa Baba jerin sunayensu gaba ɗaya don a ɗinka riguna.

Ranar Talata da la'asar ina shagon ina guga sai ga Mubarak, wanda muka yi shekarar farko tare, shi ne shugaban aji yanzu. Ya gaishe da Baba ya miƙa masa takardar. Baba ya sa tabarau ya ɗora yatsa ya bi ta daga sama har ƙasa. Ya sake biyowa daga ƙasa. Sunana ya san shi, da hannunsa ya ɗinka shi. Ya juya takardar, bayanta babu komai. Ya tambayi Mubarak ko akwai shafi na biyu da ya manto. Mubarak ya kalle ni, ya sunkuyar da kai.

Na fara gaya wa Baba gaskiya, ban gama magana ba katakon awon yadi ya sauka a bayana, a karo na uku ya karye. Ya jefo almakashi, ya wuce ta gefen kunnena ya soke a ƙyaure. Wani ya ruga tasha ya kira yayana Lawan, ɗan acaɓa ne, ya zo da sarƙar babur a hannu. An gaya masa a hanya, bai tambaye ni komai ba. Ya ja ni ta wuyan riga har bakin titi, a gaban nas-nas da suka taso daga aiki, yana zabga mini yana cewa, "Likitan ganye, yau za ka yi wa kanka magani." Ɗaya ta same ni a fuska, ban ƙara gani da idon hagu ba a ranar. Na kufce na koma cikin shago, sai na iske Baba ya ɗago dutsen gugar da na bari, da garwashi a ciki, ya nufo ni da shi.

Malam, na ture shi. Da hannu biyu, da duk ƙarfina. Ya tafi da baya ya faɗa kan ƙafar keken, hannunsa na dama a ƙarƙashinsa. Na ji ƙarar ƙashin duk da hayaniyar da ake yi, har yanzu ina jin ta. Garwashin ya watse a kan yadin da aka yayyanka.

Yau kwanana tara a gidan Gwaggo Uwani, yayar Baba, a Tarauni. Inna ta aiko cewa Baba ya ƙi zuwa asibiti, ga shi nan ƙetaren titi, wai ba zai bi ta cikin mutanen da ya nuna wa aljihun nan ba. Wani maɗori aka ɗauko daga Ƙauyen Alu ya ɗaure masa. Hannun ya kumbura, yatsu biyu sun fara baƙi, ba ya jin su. Riguna sittin ko ɗaya ba a taɓa ba. Lawan kuma ya rantse a tasha sai ya karya mini hannu biyu a madadin ɗaya, sau uku ana ganin babur ɗinsa a bakin layinmu. Zan gaya maka abin da ban gaya wa kowa ba. Na ɗauke gatarin faskaren Gwaggo na wasa shi na ajiye a bayan ƙofar ɗakin da nake kwana. Idan ya shigo da sarƙar nan ban san abin da zan yi ba. Ƙarya nake, na sani.

Saƙon Baba shi ne, ya ji akwai fom na canjin sashe, gurbi biyar ga waɗanda suka yi fice a sassan kimiyya. Idan na cika na koma likita ya yafe mini. Idan ban koma ba kada na zo ko jana'izarsa. Makina ya isa na nema, don ni na zo na ɗaya a ajinmu zangon da ya wuce. To amma ba na so. Ban san ba na so ba sai da aka kore ni. Ranar da na fara ganin cutar da ke cinye zangarniyar gero a madubin ƙara girma, wadda na sha gani a gonar kakana muna cewa ƙaddara ce, na manta ban ci abincin rana ba. Ban taɓa jin haka a shekarar farko ba.

Na cika fom ɗin? Wani abokina ya ce yanzu mulkin farar hula ne, na kai Lawan wurin 'yan sanda. Ni dai ina son Baba ya yafe mini, kuma ba na son na kashe ɗan'uwana.

Naka, Wanda Ba Ya Cikin Jerin, Tarauni.

*

Wa alaikumus salam, ɗana. Sojoji sun koma bariki tun watan Mayu, amma na lura ba a aika da sanarwar gidanku ba. Tambaya ɗaya ka ɗora a gaba, ta fom, ita ce kuma ta ƙarshe a wurina.

Hannun tukuna. Yatsun da suka yi baƙi ba sa jiran ƙarshen wata, ba sa jiran a yi sulhu. Ni ba likita ba ne, kai ma mun ji ba shi ba ne, amma wannan ba sai an ci fiziks ake gane shi ba. Yau ɗin nan Gwaggo ta yafa mayafi ta je. Yayarsa ce, ta san shi tun ba shi da wando, ita kaɗai za ta yi masa tsawa ya tashi. Idan kunyar abokan cinikinsa ce ta hana shi ƙetare titi, garin nan yana da faɗi, a sa shi a mota a kai shi inda babu wanda ya taɓa yi wa awo, a kwance ɗaurin a ɗauki hoto. Tela ne. Idan hannun nan ya tafi, babu fom ɗin da zai dawo da shi, kuma kai za ka ɗauki abin har ƙarshen rayuwarka.

Sai gatari. Ka ajiye jaridar nan ka miƙa wa Gwaggo abinta, ka gaya mata dalilin da ya sa ya yi kaifi. Wanda ya rubuta mini ya ce ya san abin da zai yi, so yake a hana shi, to na hana ka. Lawan kuwa a fara kai maganarsa wurin mai unguwa da shugaban tasharsu, don ɗan acaɓa ya fi jin tsoron a hana shi layi a kan ya kwana a caji ofis. Su karɓe sarƙar, ya faɗa a gabansu cewa ya janye rantsuwarsa. Idan bayan haka aka sake ganinsa a layinku da ƙarfe a hannu, shawarar abokinka ta zama tawa. Ba na kare shi, abin da ya yi maka a titi ta'asa ce. Amma ka taɓa tambayar kanka wa ya ɗinka wa Lawan riga ya rataye a ƙofa? Kullum yana wucewa ta ƙarƙashin taka yana tafiya shaƙar hayaƙi.

Mahaifinka ya yi laifi. Babu uban da aka ba izinin nufar fuskar ɗansa da garwashi, kuma turewar da ka yi ta mai neman tsira ce, ba ta mai neman faɗa ba. Naka laifin ya girmi wannan da wata biyar. Maki huɗu ba abin kunya ba ne, mutum fiye da ɗari da arba'in aka tankaɗe tare da kai, ba duka ne daƙiƙai ba. Abin da ya karya dattijon nan shi ne ya ji labarin ɗansa daga takardar wani, a cikin shagonsa, a gaban baƙo. Da kai ka faɗa masa a tsakar gida, da ya yi fushi, watakila ya yi duka, amma da bai tambayi shafi na biyu ba.

Yanzu fom. Kada ka cika shi don ka sayi yafiya. Gurbi biyar ne, masu nema ba za su gaza ɗari ba. Idan ba ka samu ba, ka sake kai wa mahaifinka wani jerin da babu sunanka. Idan ka samu, ka ɗaure kanka shekara shida a abin da ba ka so, mu kuma marasa lafiya mu samu likitan da hankalinsa yana gonar gero. Ka je wurin shugaban sashenku ka gaya masa komai, ka roƙe shi ya zo ya gaishe da mahaifinka idan ya samu sauƙi. Babban malami ya zauna a kan bencin tela ya ce ɗanka ne na ɗaya a wurina, wannan magana ce da Baba zai iya maimaita wa mai shayi. Abin da yake nema ke nan tun farko, ko da bai sani ba.

Yafiya kuma ba a aike ake nemanta ba. Gwaggo ta shige gaba, ka durƙusa, ka nemi gafarar turewar da ta ƙaryar, kada ka kawo hujja ko ɗaya. Zai iya kau da kai. Washegari ka buɗe shagon. A kan keken nan ka tashi, wanda ya iya guga a shagon tela ya iya ɗinki. Ka zauna ka ɗinka rigunan nan sittin, ka sa wa kowa sunansa da shuɗin zare, har na Mubarak. Zai yi ciwo, na sani. Amma aikin da ka hana hannunsa yi ne, kuma shi ne kaɗai ban-haƙurin da tela zai iya dubawa ya ga ko ya miƙe.

Allah ya ba shi lafiya, ya buɗe maka idon, ya sanyaya zuciyar Lawan.

Kafin na zo jarida na yi shekara goma sha tara ina koyarwa a sakandare. Duk yaron da ya haura maki saba'in a ajina, Likita nake kiransa, a gaban 'yan'uwansa, ina ganin ƙarfafa masa gwiwa nake yi. Ban taɓa bin ko ɗaya gida na ga inda aka rataye sunan ba. Na yi kuskure.

Malam Ɗan'azumi