Farin layi ya cinye mana riɗi

Zuwa ga Sayyid Mudir, mai kula da shafin hasashen ruwan sama na manoma,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da ma'aikatanka, ni manomin riɗi ne, gidana a Gadarif, gonata a hanyar Ƙala'at an-Nahal. Karatuna ya tsaya a aji huɗu, shi ma malamai suka gaji kafin ni. Idan ka ga kuskure a rubutun nan, ma'alesh, a yi haƙuri.

Zan fara da nawa rabon na laifi, don kada ka wahala wajen nemo shi. A ƙarshen harif ɗin da ya wuce, wato damina, bayan mun yanke riɗi mun jingine dammuna su bushe, na zauna wurin mai jabana, wato mai sayar da gahawa, dattawa suna ta kallon gabas suna cewa iskar nan da ruwa a cikinta. Na ɗaga mobayil sama kamar mai karanta huɗuba, na ce musu zamanin shinshina iska ya wuce. Shafinku ya nuna fari fat, mako guda babu ɗigo. Na mayar da mushamman, wato tamfol, da na aro don rufe dammuna, na sallami ma'aikata suka wuce garin Gedambaliya. Maƙwabcin gonata, Hajji Adam, wanda ya girme ni, ya ji maganata shi ma ya bar nasa a buɗe.

Ruwa ya sauka kamar da gayya. Laka ta hana mota shiga. Da muka isa da ƙafa, riɗin da bai zube ba ya yi baƙi, wani har ya tsira a cikin dami. Na tsaya ina kallo, ina jiran in ji wani abu a raina. Har yau ina jira.

Ga naku rabon:

1. A shafinku kowace rana tana da layi mai launi. Fari babu ruwa, shuɗi mai duhu ruwa mai ƙarfi. 'Yata Nafisa, wadda ta yi karatun kwamfuta a Khartum kafin yaƙi ya dawo mana da ita, ta buɗe shafin a mobayil ɗinta. Makon da na gani fari, a wurinta shuɗi ne har ya kusa baƙi. Shafi ɗaya, tabarma ɗaya muke zaune, sama biyu.

2. Ta ce kun rubuta launin da sabon salo, mai sa haske ya narke cikin duhu. Manhajar buɗe shafi ta tsohon mobayil ba ta san salon ba, kuma idan ta ci karo da abin da ba ta sani ba, tsallakewa take yi shiru, kamar yadda na riƙa yi a jarrabawa. Sai wurin ya zauna fari. Da ya fito ja, ko ya ce ya lalace, da na tambayi mutane. Amma fari a shafinku amsa ce, ma'anarta ka je ka yi barci.

3. Ta ce gyaran bai kai shan jabana ɗaya ba. A fara rubuta launi guda na talakawa, a bi shi da tsohon salo, sannan sabon. Kowace manhaja ta ɗauki wanda ta iya. Wai akwai ma abin da ke yi muku wannan da kansa, ba sai kun taɓa ba.

Sayyid Mudir, don wa kuka sa launin? Mai karatu zai duba lambobin ƙasa. Launi namu ne, mu da muke haɗa baƙi da ƙyar. Mu ne kuma masu tsofaffin mobayil. Nawa ya ga auren 'ya'yana biyu, da roba ake ɗaure murfinsa.

Abin da nake roƙo: ku yi gyaran nan kafin shuka. Ku rubuta RUWA da manyan baƙi kusa da layin. Ku daina sa fari ya zama alamar lafiya. Kuma kafin ku saki sabon abu, ku gwada shi a irin mobayil ɗinmu. Idan babu a ofishinku, zan aiko nawa, ba na amfani da shi yanzu.

Ba diyya nake nema ba. Hajji Adam bai taɓa tayar mini da maganar ba. Kullum yana gaishe ni, yana tambayar yara, yana tura mini finjali. Bana ba shi da irin shuka. Ɗan buhun da na ajiye na iri tun bara, gonarsa zai shiga, ni zan shuka masa da hannuna. Tawa sai abin da ya ragu a gindin buhu. Bai sani ba tukuna, kuma ban san da wane baki zan gaya masa ba, don ya riga ya saurari wannan bakin sau ɗaya, ya ga yadda ta ƙare.

Allah ya yi maka jagora, ya tsare gonarka idan kana da ita.

Wassalam.

Abu Nafisa,
Gadarif.